Birnin Rum a Bayan A-Kori-Kura

"Da ni aka ba kwangilar birnin Rum, da tuni an gama shi an miƙa makulli."

Wannan ita ce gaisuwar Harrison. Mutane in sun tashi da safe ina kwana suke cewa, shi kuwa da Rumawa yake karya kumallo. Ni Musbahu, direban a-kori-kura a wani kamfanin kago, wato jigilar kaya, da ke Deira a Dubai, shekara biyu na yi ina shan wannan karatu a filat ɗinmu na Al Nahda, har na kai ina iya kwatanta wa baƙo hanya a cikin Rum alhali ko Agadas ban taɓa zuwa ba. Mu uku ne a filat ɗin, ɗaki ɗaya da falo: ni, da shi, da Sulemana, ɗan Zangon Nima na Ankara ta ƙasar Gana, mai gadi a wani babban kanti. Sulemana mutum ne mai haƙuri, amma shi ma da ya ji an ce "lokacin da nake Italiya" sai ka ga ya ɗauki buta ya shige banɗaki, ko ba ya jin komai.

Bari in gaya maka yadda aka yi Harrison ya je Italiyar, don kada ka ɗauka karatu ya kai shi. Ɗan Zonkwa ne, yana aiki a wani kamfani mai ƙawata zauren biki. Ka san ginshiƙan nan farare da ake jerawa a bayan amarya da ango, ka gansu kamar dutse amma yaro ma ya ɗaga su da hannu ɗaya? To aikin Harrison shi ne ya sauke su daga mota ya kai inda aka nuna masa, in an tashi ya mayar. A kan wannan ne ya naɗa wa kansa sarautar Injiniya. A shekarar 2011 maigidansu zai je baje koli a Rum, wanda zai riƙe masa kwalaye ya kwanta ciwo, aka duba aka ga Harrison na da ƙarfi. Kwanakin da ya yi can duk a sito ya yi su yana ɗaure kaya, sai ranar ƙarshe aka ba shi yini guda, ya hau motar 'yan yawon buɗe ido mai buɗaɗɗen sama ta zaga da shi gari. Ya dawo mana da hula hana-salla mai rubutun ROMA a goshi, da ilimin da har yau Dubai ba ta gama ɗauka ba.

A wurin Injiniya, Rumawa malalata ne da duniya ta ɗaure wa gindi. Ya ce ƙaton filin wasan nan nasu, Kolosiyam, wanda Turawa ke tururuwar gani, kango ne kawai: gefe guda a karye, ba rufi, tagogi birjik ba ko gilashi ɗaya, ba lif, ba esi. Da na ce na ji an ce girgizar ƙasa ce ta karya shi, sai ya yi tsaki ya ce ai kowane ɗan kwangila da uzurinsa. Ya ce ya ga wata ƙatuwar ƙofa mai baka tsaye a gefen titi, ba katanga ta dama ba ta hagu, ka shiga ta nan ka fito inda ka baro. Sun gina ƙofa sun manta da gidan. Akwai kuma wani tsohon gini mai kubba da aka mayar coci, ya ce magina sun tashi aiki sun bar rami a tsakiyar rufin, shekara wajen dubu biyu ruwa na zuba a kan masu ibada, an rasa mai kawo ko fallen kwano ɗaya.

"A Dubai a yi wannan?" in ji shi. "Baladiya, hukumar birni, ta kawo katafila kafin azahar, magana ta ƙare."

Cocin Waliyyi Bitrus kaɗai yake ɗan raga wa, ya ce kubbarta ba laifi, an yi ƙoƙari. Cikinta kuwa bai taɓa ba mu labari ba, sai wata rana da bakinsa ya suɓuce muka gane dalili. Ashe ya bi layi cikin rana har ya kai bakin ƙofa, masu tsaro suka dubi gajeren wandonsa suka juyo da shi. Da Sulemana ya fara dariya sai Harrison ya gyara zaman hula ya ce injiniya na gaske daga waje yake karanta gini.

To duk wannan surutu da a falonmu ya tsaya da babu wanda ya ji ciwo. Abin da ya fito da shi fili shi ne Lucia.

Lucia tana karɓar baƙi a wani asibitin haƙori, yarinya mai natsuwa da ba ta ɓarnar magana, kuma Harrison ya mutu a kanta. Ita ma, ban san me ta gani ba, ba ta ƙi shi ba. Sai dai mahaifinta yana Kagoro, ya kuma ce shi bai san mutanen Dubai ba, duk abin da wansa Baba Eli ya faɗa a kan mai neman 'yarsa shi ke nan. Baba Eli ma'aikacin lantarki ne, dattijon 'yan Arewa masu zuwa coci a nan, ya kusa shekara ashirin a ƙasar. Sau uku Harrison na aika masa mutane, amsar ɗaya ce: "Bakinsa na gani. Ina jira in ga hannunsa."

Shi Baba Eli yana da buri ɗaya a duniya, ya ga birnin Rum kafin ya mutu. A bangon ɗakinsa akwai wata tsohuwar kalanda mai hotunan garin, shekarunta sun wuce tuntuni amma ya ƙi cire ta. Sau biyu yana neman biza ana hana shi. Ana cikin haka, a 2013, kamfaninsu ya ce shekarunsa sun kai, ya haɗa kayansa ya koma gida. Wato dai Rum ta wuce shi ke nan, kuma duk abin da zai faɗa a Kagoro game da Harrison, daga abin da ya gani kafin ya hau jirgi zai faɗe shi.

'Yan ƙungiyarsu ta coci suka shirya masa walimar ban kwana, ranar wata Juma'a, a zauren wani ƙaramin otal a Hor Al Anz. Lucia ta kawo shawara mai sauƙi: a buga babban hoton Rum a jikin leda a rataya a bango, Baba ya tsaya a gaba a ɗauke shi, ko ba komai ya tafi da abin tunawa. Kowa ya ce madalla. Sai Injiniya ya miƙe.

"Leda? Kamar tallan maganin basir? Haba Lucia. Tunda an hana Baba zuwa Rum, Rum ce za ta zo wurin Baba, ita ba ta neman biza. Ni zan gina ta. Kuma ba irin wadda na gani ba, gyararriya, a gama abin da suka kasa gamawa."

Lucia ta tambaye shi a hankali ko ya taɓa gina wani abu. Ya ce mata tambayar ma cin fuska ce.

Daga ranar muka shiga uku. Kayan ginin shi ne farin abin nan mara nauyi da ake tare sabuwar talabijin da shi a cikin kwali, wanda Indiyawan wurin aikinsu ke kira tamokol. Kullum in ya taso sai ya shigo da ragowarsa falle-falle, ya baje a falo, ya kama yanka da wuƙar burodi. In ba ka taɓa zama da tamokol ba, ka gode wa Allah. Ƙananan ƙwayoyinsa farare suka mamaye gidan, suna cikin shayi, suna cikin gari, suna kan dardumata, in na yi sujada in ɗago da su a goshi. Shugaban su Sulemana ya kira shi gefe ya ba shi shawarar sabulun amosani. Ni kuwa wata rana na yi atishawa a ofis, wani ɗan Sudan ya tambaye ni ko na je wurin wasan ƙanƙarar nan na cikin kanti.

Amma a faɗi gaskiya, abu ya tashi. Cikin mako uku Kolosiyam ya tsaya a tsakiyar falonmu, zagaye cif ba karaya, tsayinsa ya kai kafaɗata. Kowace taga ya manna mata farar leda a matsayin gilashi, har da 'yan akwatunan ashana a ƙarƙashi, wai esi ne. Ƙofar nan marainiya ya yi mata katanga da ɗaki biyu a baya, ya ce yau ta san tana da gida. Kubbar Waliyyi Bitrus kuwa ya yi ta ƙatuwa, ta fi tukunyar biki, ya ɗora ta a kan dogayen ginshiƙai huɗu har tana shafar silin. Sannan ya kawo gam ya manne su duka a kan gindi ɗaya, domin a cewarsa babban kuskuren Rumawa shi ne warwatsa gine-gine, baƙo ya yi ta wahalar tafiya. Mu masu gida muka koma bin bango. In za ka banɗaki sai ka ratsa ta Fadar Fafaroma a karkace, labarai kuwa ta cikin bakan ƙofa muke kallonsu.

Ranar Alhamis da yamma ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallon aikinsa, ya ce a rubuta a ajiye, gobe Baba Eli da kansa zai tambaye shi ranar da yake so a ɗaura.

Juma'a da safe na kawo a-kori-kura na ajiye a ƙasa, muka naɗe hannun riga. Ni na kama ta wajen Kolosiyam, Sulemana ya kama ta wajen coci, Injiniya yana gaba yana ba da umarni da baya da baya. Abin ba nauyi, kamar ka ɗauki iska. Muka taho lafiya lau har bakin ƙofa, sai muka ji ƙiiiƙ, gari ya tsaya.

Muka karkata shi dama, ya ƙi. Muka karkata hagu, kubba ta daki fanka. Muka tayar da shi tsaye, ya tokare sama da ƙasa. Ƙofar falonmu irin ta kowa ce, mutum ɗaya da jakarsa, birnin Rum kuwa ya ninka ta uku. Falle-falle ya shigo, ba wanda ya tuna cewa a dunƙule zai fita, kuma a cikinmu mutum ɗaya ne ke amsa sunan Injiniya.

Sulemana ya sauke nasa gefen ya share gumi. "Chale, ƙofar ce ta yi kaɗan, ko garin ne ya yi yawa?"

Harrison ya ce laifin wanda ya zana filat ɗin ne, irin waɗannan ne ke sayen takardar shaida a kasuwa. Ya ce a cire ƙyauren da katakon jikinsa, muka tuna masa mai gida da abin da zai biyo baya. Ya ce to a zura ta taga da igiya. Muka leƙa daga hawa na tara muka hango mai gadin ginin zaune a ƙasa da wayarsa a hannu, mutumin da ko shanya ka yi a baranda sai ya kai ƙara. Daga ƙarshe dai wuƙar burodin nan da ta gina Rum ita aka ɗauko. Ya durƙusa yana yanka, tamokol na kuka, shi ma saura kaɗan. Ya raba garin huɗu, ya miƙe ya kaɗe gwiwa ya ce dama haka ake yi a Turai, gini na zamani a gutsure ake kai shi. Da muka isa bakin lif sai ta nuna mana ita ma ba ta san Turai ba, aka sake durƙusawa a baranda, huɗu suka zama bakwai.

Saura fenti. Ya bar shi sai ranar ƙarshe don kada wari ya kashe mu a ɗaki, wannan kam na yaba masa. Muka baje gutsattsarin a filin yashin da ke bayan gininmu inda ake ajiye motoci, rana ta fara cizo. A kamfaninsu, in ji shi, masu fenti na ɓata yini guda suna shafa wani mai ruwa-ruwa da buroshi, don kawai a ce suna aiki. Shi na feshi ya sayo, na gwangwani, ruwan ƙasa na Kolosiyam, ruwan zinariya na kubba, minti goma an gama.

Ya girgiza gwangwani ya fara da Kolosiyam, fuuu, ya bi rabinsa. Ya juya kan kubba ya tsaya a ƙololuwarta ya zuba mata zinariya har tana ƙyalli. Sai muka ji wani ɗan sauti, siii, kamar an jefa albasa a mai. Ni ban san fentin feshi na cin tamokol ba. Sulemana bai sani ba. Wanda ya shekara biyar yana aiki da shi ma bai sani ba, domin shi a kafaɗa ya san shi. Muna tsaye saman kubba ya fara ƙuraje, ya lotsa, ya shige ciki. Harrison ya ga rami na buɗewa, sai dabara ta zo masa, ya ƙara fesa masa fenti don ya rufe. Kafin ya ɗaga yatsa ramin ya isa kan mutum ya wuce har da kunnuwa.

Muka waiwaya wajen Kolosiyam, shi ma ya kama nasa ciwon. Jikinsa duk ya yi ramuka kamar gara ta shekara tana ci, tagogi sun saki, gilasan leda sun zube, akwatunan esi na kwance a yashi.

"Ga ramin ruwan sama ya samu," in ji Sulemana. "Saura masu ibada."

Harrison bai kula shi ba. Ya juya gwangwanin yana neman inda aka rubuta ƙasar da ta yi shi, ya ce jabu ne, kuma zai koma wa mai shagon ranar Asabar.

Muka loda. Na ɗauko igiyata ta kago zan ɗaure, ya ce a'a, igiya za ta yi wa ginin shaida, shi zai zauna a baya ya rungume. Na ce masa nan ba hanyar Kaciya ba ce, in ɗan sanda ya ga mutum a bayan a-kori-kura lasisina ne zai tafi. Aka sasanta a kan zanen gadon Sulemana, aka yafa aka ɗaure bakinsa sama-sama. Muka hau babban titin da ya taho daga Sharja, safiyar Juma'a, hanya fayau. Ina tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, Injiniya na dukan gaban mota yana cewa yalla habibi, lokaci na tafiya, taka mata. Na taka.

Wata doguwar bas ta ma'aikata ta wuce mu da gudu, iskarta ta daki bayanmu. Ta madubi na ga zanen gado ya kumbura ya buɗe, sai ga gidan nan da aka gina wa marainiyar ƙofa, katanga da ɗaki biyu, ya tashi sama yana juyi. Ya tsallake shingen tsakiyar titi ya bi hannun masu komawa. Wurin ba a tsayawa, ko an tsaya ma ba mai tsallaka titin nan da rai. Harrison ya fitar da kai ta taga yana kallonsa har ya ɓace. Ina jin har gobe akwai wata unguwa ta birnin Rum a Sharja, kuma kamar yadda ya yi alkawari, ba ta nemi biza ba.

A otal aka ce mu shiga da kaya ta ƙasa, wurin ajiye motoci. A bakin shiga akwai ƙarfen nan da ake gittawa a sama, mai ratsin ja da fari. Na taka birki. Harrison ya sauka, ya ja da baya, ya rufe ido ɗaya, ya miƙa babban yatsa yana auna tsayin kaya da na ƙarfe. Ya ce akwai sauran taki guda, idon injiniya ba ya ƙarya, in taho. Na taho. Ƙarar da na ji ba ta da yawa, ɗan ƙurus ne kawai, sai farin gari ya zubo a kan gilashina. Babban gutsuren Kolosiyam da ke can sama, ƙarfe ya aske masa hawa biyu a karkace, tun daga kafaɗa har ƙugu.

Muka kwashe abin da ya saura muka kai zaure. Ni da Sulemana muka tafi masallaci, muka bar shi durƙushe a kan dandamali da salatif da tsinken sakace, hular ROMA ta jiƙe sharkaf. A raina na ce in yana da wayo kafin mu dawo ya gudu.

Bai gudu ba. Muka tarar zaure ya cika, matan zumunta sun sha anko, shinkafa na ƙamshi, Baba Eli na zaune a gaba cikin babbar riga. A kan dandamali ga wani tudu an lulluɓe da zanen gadon Sulemana, Harrison na tsaye a gefe kamar wanda aka kawo shari'a. Bayan addu'a da jawabai aka ce Lucia ta buɗe kyautar Baba. Ta ja zane.

 Ga Kolosiyam a faffashe, gefe guda a zaftare, jiki duk ramuka. Ga ƙofa tsaye ita kaɗai, ba gida ba katanga. Ga kubba a can sama kan ginshiƙai masu rawa, da rami a ka, fitilar silin na leƙowa ta ciki. Lucia ta dubi abin, ta dubi Harrison, ta sunkuyar da kai.

Baba Eli ya tashi a hankali, ya sa tabarau, ya hau dandamali. Ya zaga ta dama, ya dawo ta hagu. Ya sa yatsa a ramukan bango yana shafawa. 

"Haka yake," in ji shi. "Wallahi haka yake a kalandata. Ga karayar nan a karkace, ga ramukan jikin dutse. Ga ƙofar sarki ita kaɗai. Har ramin da haske ke shigowa, ko da yake shi a wani ginin yake, amma ba komai. Yau na ga Rum."

Hawaye ya zubo masa. Ni Musulmi ne, ban haɗa komai da garin ba, amma sai da na ji tausayin tsohon nan ya kama ni, mutum ya yi shekaru yana kallon takarda a bango. Zaure ya ɗauki tafi, mata suka rangaɗa guɗa, mai hoto ya matso.

Da Harrison ya yi shiru a nan, da yanzu 'ya'yansu sun shiga makaranta. Amma ka taɓa ganin an zuba wa busasshen zogale ruwa? Haka ya miƙe. Ya gyara hula, ya karɓe makirfo daga hannun mai gabatarwa, ya ce jama'a su yi haƙuri ya ɗan yi bayani don masu son ƙaruwa. Ya ce gina sabon abu kowane kafinta ya iya, tsufar da gini shi ne ilimi. Ya ce ramukan nan wani sinadari ne na musamman ya haɗa, karayar kuwa sai da ya auna ta da ma'auni. Ya ce duk wanda ya ce zai gyara Rum jahili ne bai san tarihi ba. A nan Sulemana ya ƙware da lemo, sai da na bubbuga masa baya.

Tafi ya ƙara shiga kansa, ya juya wajen Lucia. "Kuma ina shaida wa Baba a gaban jama'a, gidan da zan gina wa Lucia a Zonkwa, ba magini ba birkila. Da wannan hannun zan gina shi, da irin wannan ilimin."

Baba Eli ya share ido, ya miƙa hannu aka ba shi makirfo.

"Ɗana, wannan duk da gangan ka yi shi?"

"Da gangan, Baba."

"Kuma haka za ka yi wancan?"

"Sak, Baba."

Tsohon ya gyaɗa kai. "Na gode, Allah ya yi maka albarka, ka share mini hawaye. Sai dai shi kango zuwa ake yi a gani, a ɗauki hoto, a koma gida. Duk masu zuwa Rum ban taɓa jin wanda ya bar 'yarsa a ciki ba."

Dariya ta fara daga wajen mata ta bazu. Harrison ya ga aure na sulalewa, sai ya rikice ya saki layi. Ya ce a'a Baba, a tsaya, ba da gangan ba ne, cikakke ya gina, har da gilashi da esi, a tambayi Musbahu. Ya zayyana komai da bakinsa a cikin makirfo: ƙofar da ta ƙi, lif, wuƙar burodi, fenti, bas, ƙarfen otal. Ba wanda ya tambaye shi ko ɗaya.

Baba ya saurara har ƙarshe. "Wato da safen nan lafiyarsa ƙalau?"

"Ƙalau, Baba."

"Ikon Allah. Su Rumawa sai da suka jira shekara fiye da dubu, girgizar ƙasa ta zo ta taimaka musu. Kai daga karin kumallo zuwa azahar."

Harrison ya ja da baya, ya jingina da ginshiƙi kamar yadda ya saba jingina da bango in zai yi dogon bayani. Tsinken sakace ba ya ɗaukar injiniya. Ginshiƙi ya tafi, sauran ukun suka bi shi, kubbar Waliyyi Bitrus ta taho daga sama a hankali, ba nauyi ba ƙara, ta sauka a kafaɗunsa. Kansa ya fito ta ramin, da hula da komai. Cocin da aka hana shi shiga saboda gajeren wando, yau ga shi a cikinta har wuya. Mai hoto kuwa dama yatsansa na kan maɓalli.

Baba Eli ya tafi ranar Litinin. Abin da ya faɗa a Kagoro ban ji ba, amma shekara na zagayowa Lucia ta auri wani ɗan Kafanchan mai gyaran lif, suna zaune a gidan haya mai rufi. Harrison yana nan, ya daina sa hular, yanzu Masarawa yake zagi, wai dala ba ta da taga.

Wani da ya je gida hutu ya biya ta wurin Baba, ya dawo ya ba mu labari. Ya ce tsohon ya cire kalandar nan daga ƙarshe, ya sa hoton walima a gilashi ya rataya a gurbinta. Duk baƙon da ya shigo sai ya kama hannunsa ya kai shi gaban hoton, ya bi da yatsa yana nunawa.

"Wannan Kolosiyam ne. Wannan ƙofar sarki. Wannan cocin Waliyyi Bitrus. Na tsakiyan nan mai hula kuma, shi ne girgizar ƙasar."